Dutse a Hannu Ɗaya, Ƙamus a Ɗaya: Malami da Ɗalibinsa a Wasan Athol Fugard

Mutum uku ne kacal ke hawa dandamali a wasan kwaikwayon Athol Fugard, marubuci ɗan Afirka ta Kudu, mai suna My Children! My Africa!, wato 'Ya'yana! Afirkata! Akwai malami, Anela Myalatya, wanda kowa ke kira Mista M. Akwai ɗalibinsa Thami Mbikwana, ɗan ajin ƙarshe a makarantar sakandaren baƙaƙen fata ta Zolile. Sai Isabel Dyson, yarinya farar fata daga makarantar 'yan mata ta cikin gari. Ba a ganin ɗan sanda ko ɗaya, ba a ganin taron masu bore, ba a ganin gawa. Duk da haka, wanda ya karanta wasan ko ya kalle shi ya san yadda ƙirji ke ɗaurewa tun kafin a kai rabi. An fara nuna shi a gidan wasan Market da ke Johannesburg a watan Yunin 1989, Fugard da kansa ya ba da umarni, John Kani kuma ya fito a matsayin malamin. Na zaɓe shi ne saboda ban san wani wasa da ya fi shi iya ƙulla rikici tsakanin malami da ɗalibi ba tare da an mai da ɗayansu mugu ba.

Labarin yana faruwa ne a 1984, a wani ƙaramin gari na yankin Karoo a Gabashin Kef, Afirka ta Kudu. Farar fata na cikin gari, baƙar fata na unguwar da aka ware musu a gefe, Brakwater. Sai an san abin da makaranta take nufi a wannan wuri kafin a gane nauyin da ke wuyan Mista M. A 1953 gwamnatin wariyar launin fata ta kafa dokar ilimin Bantu, lokacin Hendrik Verwoerd yana ministan harkokin baƙaƙen fata. Manufar ba ɓoyayya ba ce: a ba ɗan baƙar fata ilimin da zai ishe shi yin aikin ƙarfi da hidima, kada ya wuce nan. Ranar 16 ga Yunin 1976 'yan makarantar Soweto, unguwar baƙar fata da ke gefen Johannesburg, suka fito kan titi suna ƙin a koyar da su da Afirkans, harshen Turawan da ke mulki, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Daga 1984 wutar ta sake tashi, ɗalibai suka riƙa ƙaurace wa azuzuwa da taken a fara samun 'yanci kafin a yi zancen karatu, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Yulin 1985. A wannan zamani ne aka riƙa kashe waɗanda ake zargi da kai rahoto wurin 'yan sanda, wasu ta hanyar rataya musu taya a banka wuta. To malamin makarantar baƙar fata a lokacin, gwamnatin da ke danne mutanensa ce ke biyansa albashi, manhajarta yake koyarwa, kuma a hannunsa ne kaɗai yaran unguwa za su iya samun ɗan hasken da ake samu. Gaba kura, baya sayaki. Tun kafin ya buɗe baki, matsayinsa ya riga ya zama rikici.

Wasan yana buɗewa da hayaniya. Ana muhawara a aji, Thami da Isabel suna ta katse juna, Mista M yana neman a yi shiru ba a saurare shi ba, sai ya ɗauki ƙararrawar makaranta ya kaɗa da ƙarfi. Da aka natsu sai ya buɗe ƙamusunsa ya karanta musu ma'anar muhawara. Batun da ake tattaunawa shi ne ko ya kamata a bambanta manhajar maza da ta mata. Thami na goyon baya, Isabel na adawa, ita ce kuma ta ci da ƙuri'a 24 a kan 17, a cikin ajin da ba nata ba. Fitowa ce mai daɗi, akwai raha da dariya. Amma a cikin 'yan mintunan nan marubucin ya riga ya ajiye duk kayan da zai yi aiki da su har ƙarshe: ƙararrawa, ƙamus, da malamin da ya yi imani cewa in aka bi ƙa'ida, kowa ya jira lokacinsa, magana za ta raba gardama. Ƙararrawar ta yi aiki a nan, kowa ya yi tsit. A riƙe wannan, domin za a sake kaɗa ta.

Ganin yadda yaran biyu suka haska, sai Mista M ya yi dabarar haɗa su su shiga gasar adabin Turanci ta makarantu a Grahamstown. Burinsa a fili yake, yana so Thami ya samu tallafin shiga jami'a. Ya shaida wa Isabel cewa a duk shekarun da ya yi yana koyarwa wannan yaron ne na musamman, shi ne wanda ya daɗe yana jira. Isabel ta tambaye shi ko ya ji ta bakin Thami. Amsarsa ita ce bakin zaren wasan gaba ɗaya. Ya nuna mata cewa shi ba ya tambayar ɗalibi, faɗa masa yake yi. Shi ne mai koyarwa, yaro kuma mai koyo. Bai faɗi haka da girman kai ba, da alfahari da tarbiyyar gargajiya ya faɗa, kuma da zuciya ɗaya.

Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Mun tashi mun tarar ana durƙusa wa malami, ana sunkuyar da kai in yana magana, ba a haɗa ido da shi balle a ce masa ya yi kuskure. Mun san cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ina girmama wannan tarbiyya, ita ta raine ni. Sai dai wasan ya tilasta mini in kalli wani gefe nata da ba mu cika son kallo ba: ladabin da ke hana yaro ɗaga murya yana iya hana malami sanin abin da ke cikin yaron. Thami yana amsa wa malaminsa da ladabi, yana yin abin da aka sa shi, ta ciki na ciki. Mista M kuwa yana ɗaukar shirun a matsayin yarda.

A ganina a nan ƙarfin wasan yake, kuma nan ne masu rubuta wasan makaranta suka fi yin tuntuɓe. Abu mafi sauƙi shi ne a kawo malami mai bulala da yaro mai taurin kai, su yi ta sa-in-sa tun fitowar farko. Hakan na kawo ƙara, ba ya kawo fargaba, domin 'yan kallo sun riga sun san iyakar abin. Fugard ya bi wata hanya dabam. Ya hana su yin faɗan. Ya bar kowannensu ya juyo ya fuskanci 'yan kallo shi kaɗai, ya zazzage abin da ke ransa. Mista M ya gaya mana yadda yake bin koyarwar masanin hikimar ƙasar Sin, Konfushiyas, ya gaya mana rayuwarsa ba ta wuce ɗan ƙaramin ɗakin da yake kwana da ajin da yake koyarwa ba, ya kwatanta fatan da ke zuciyarsa da naman daji mai yunwa da yake ciyarwa da yaran ajinsa. Thami kuma, a ƙarshen kashi na farko, ya gaya mana yadda yake son makaranta yana ƙarami, yadda ya so ya zama likita, da yadda abin ya fita daga ransa. Ya ba mu labarin sufeton makarantu, Bature, da ya zo ajinsu yana yi musu alkawarin kyakkyawar makoma, shi kuwa yana tuna iyaye da kakannin da ya gani sun ƙare a wahala da ƙasƙanci. Mu 'yan kallo mun ji duka biyun. Su ba su ji juna ba. Daga nan duk lokacin da suka tsaya tare a dandamali, ko zancen waƙa suke yi, muna zaune a ɗarɗar, muna jiran ranar da abin da muka sani zai fito fili.

Akwai fitowar da nake yawan komawa kanta. Suna bitar gasa, ana jefa wa juna tambayoyi kan mawaƙan Ingila cikin nishaɗi, sai aka zo kan waƙar Shelley game da wani tsohon sarki da ya gina wa kansa katafaren gunki, zamani ya rushe shi ya bar guntaye a cikin rairayi. Thami ya ce su ma suna da irin waɗannan gumaka a ƙasarsu, kuma ba za su jira zamani ya rushe su ba. Nan take iskar ɗakin ta sauya. Mista M ya tambaye shi su wane ne "mu" ɗin da yake faɗa, ya ce fasa gumaka ɓarna ce, ba gwagwarmaya ba. Dubi abin da ya faru: darasin da malamin ya koyar da hannunsa, shi ɗalibin ya ɗauka ya juya masa wata fuska. Ba daga waje aka shigo da rikicin ba. A cikin littafin gasar yake kwance, yaron ya fi malamin ganin inda waƙar ta dosa a ƙasarsu.

Isabel kuwa aikinta a ginin wasan ya wuce na 'yar rakiya. Ita ce kunnen da kowannensu ke faɗa wa abin da ya kasa faɗa wa ɗan'uwansa. Ta matsa wa Thami ya je ya yi magana da malaminsa keɓe, ya ce mata ba ta san yadda abin yake a wurinsu ba, ta fita daga zancen. Mista M shi ma ya taɓa roƙonta ta gaya masa in ta ji Thami na shirin shiga wata fitina, sannan ya ga rashin dacewar hakan ya nemi afuwa. Ƙaramin abu ne, yana wucewa da sauri. Amma an nuna mana mutumin da tsoron rasa yaronsa zai iya kai shi ga neman rahoto a bayan idonsa, kuma wannan ɗan hakin shi zai tsone ido daga baya.

A kashi na biyu tura ta kai bango. Thami ya janye daga gasar, domin an shirya ƙaurace wa makaranta kuma 'yan gwagwarmaya ba su yarda da cuɗanya da farar fata ba. Sai a nan malami da ɗalibi suka yi gaba da gaba. Thami ya yi tir da ilimin Bantu cikin tsararriyar magana. Mista M bai musa ba, ya ce shi ma ya tsani wannan manhaja, shekara da shekaru yana yi mata zagon ƙasa daga ciki, hujjarsa kuwa ita ce shi Thami ɗin: wa ya koya masa iya maganar da yake yaƙar tsarin da ita? Ya roƙe shi kada ya yar da kalma ya ɗauki dutse, domin dutse ba ya shiga cikin motar sulke, amma magana na iya shiga kan wanda ke cikinta. Thami ya mayar masa da cewa darussansa na raɗa ne, lokacin raɗa kuma ya wuce.

Wa ke da gaskiya? Na karanta wurin sau da yawa, kuma ba na jin marubucin ya bar mana ƙofar tsira. Malamin yana da gaskiya cewa yaran da suka bar aji su ne za su fi kowa asara, tarihi ma ya nuna yadda shekarun karatu suka salwanta ga ɗimbin matasan wancan lokaci. Yaron yana da gaskiya cewa an shekara talatin ana haƙuri ƙarƙashin dokar 1953 ba abin da ya sauya, kuma mai cewa a yi haƙuri ba shi da ranar da zai nuna. Abu ɗaya suke so su biyun. A kan hanya suka saɓa, kuma kowace hanya akwai jini a kanta. Rikicin da ɓangare ɗaya ke da gaskiya duka yana ƙarewa da zarar an gane mai gaskiyar. Wannan kuwa ba ya ƙarewa, mai kallo na fita da shi zuwa gida.

Sai fitowar da ta fi kowace nauyi. Unguwa ta kama da wuta, hayaƙi ko'ina. Mista M ya je makaranta shi kaɗai, ya kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya zo. Ya buɗe rajista yana kiran sunayen yara ɗaya bayan ɗaya a cikin ajin da ba kowa, yana tambayar kansa wane ne ke raye, wane ne ya mutu. Dutse ya fasa taga ya faɗo cikin ajin. Thami ya shigo da gargaɗi: a daina kaɗa ƙararrawar nan, ana zarginsa da kai sunaye wurin 'yan sanda, mutane na tafe. Malamin ya ɗauki dutsen a hannu ɗaya, ƙamusunsa a ɗaya, yana auna su. Nauyinsu kusan ɗaya ne, in ji shi, amma ɗaya na ɗauke da harshe sukutum, ɗayan kuwa kalma guda ce tak. Ƙamusun tsoho ne, yana cikin littattafan farko da ya saya da kuɗinsa. Ya miƙa wa Thami kyauta. Thami bai karɓa ba.

Ka tsaya kan wannan hannun da aka miƙa. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san abin da ake nufi in malami ya ba ɗalibi littafinsa na kansa, wanda gefensa ya yi baƙi da yawan buɗawa. Gado ne yake ba shi. Ƙin karɓar ya fi duk wata baƙar magana da yaron zai iya faɗa ciwo, kuma bai ce uffan game da littafin ba. Mai ba da umarnin da ya san aikinsa zai bar hannun nan a miƙe na ɗan lokaci, har 'yan kallo su fara jin nauyin littafin a nasu hannun.

Thami ya zo da mafita. Zai fita ya ce zargin ƙarya ne, malamin ya sa hannu ya shiga ƙauracewar, a bar shi da ransa. A nan Fugard ya yi abin da ya ɗaga wasan sama da wa'azi: Mista M ya ce zargin gaskiya ne. Ya je wurin 'yan sanda, ya ba da sunayen waɗanda yake ganin su ke zuga yara. Ya ce ya gaya wa kansa cewa aikinsa ne ya kare ɗalibansa, amma can ƙasan zuciyarsa kaɗaici ne da kishi, domin an raba shi da yaronsa. Da an bar shi a matsayin wanda aka yi wa ƙazafi, da mun yi kuka mun tashi da zuciya wasai, mun san inda za mu ɗora laifi. Yanzu ba dama. Mutumin da muka ƙaunata ya aikata abin da ka iya jefa wasu a kurkuku ko kabari, a ƙasar da kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka tsare. Kuma ya aikata ne saboda ƙauna.

Da ya tambayi Thami dalilin da ya sa yake son cetonsa, yaron ya ce don gwagwarmaya ne, kada a ɓata mata suna. Ga malami yana jiran kalma ɗaya, ga ɗalibi yana riƙe da ita a baki, tarbiyyar da ta hana shi musu da malaminsa ita ce ta hana shi cewa yana ƙaunarsa. Mista M ya ba da labarin ranar da yana yaro aka tsaya da su a mashigar tsaunin Wapadsberg, ya hango ƙasa shimfiɗe har iyakar gani, wani malami ya gaya masa cewa littafi zai kai shi duk inda idonsa bai kai ba. Daga nan ya ɗauki ƙararrawarsa ya fita wurin taron yana kaɗawa. Ba a nuna mana kisan. Daga baya muke ji daga bakin yaran cewa an buge shi da ƙarfe, aka cinna masa wuta.

Ina da ƙorafi biyu a kan wasan, kuma ba na jin ƙanana ne. Na farko, an fi ba malamin daɗin baki. Jawabansa sun fi tsawo, hotunan da ke cikinsu sun fi kama zuciya, su kuwa 'yan gwagwarmayar da suka janye Thami ba mu taɓa ganin fuskarsu ba, sai hayaniyarsu daga bayan dandamali. Wanda bai san tarihin ba yana iya fita yana ganin taron 'yan ta-da-zaune-tsaye ne kawai suka kashe mutumin kirki. Abin da ya rage wannan rauni shi ne haɗuwar Thami da Isabel ta ƙarshe, inda ta kira abin kisan kai, shi kuma ya ƙi yarda da kalmar kai tsaye, ya tambaye ta ina mutanensa za su kai ƙarar maci amana in kotu da 'yan sanda duk na abokan gaba ne. Bai wanke kisan ba, amma ya sa ta ga ramin da aka jefa su. A wurin ne kuma ya furta abin da ya kasa faɗa a aji, cewa ya ƙaunaci malaminsa, kuma bai yi iyakar ƙoƙarinsa ya sa shi ya fahimta ba. Ya faɗa, amma ga wadda ba ita ya kamata ta ji ba.

Na biyu, maganar ƙarshe a bakin Isabel aka sa ta. Thami ya yanke shawarar tsallaka iyaka ya shiga sahun masu yaƙi, ita kuwa ta hau Wapadsberg ta yi wa Mista M alkawarin ba za ta bar rayuwarta ta tafi a banza ba. Fitowar tana taɓa zuciya, ba na musu. Amma rikicin na malami ne da ɗalibinsa, kuma na so a ce da yaron aka rufe. Fugard farar fata ne, an haife shi a Middelburg cikin wannan yanki na Karoo a 1932, kuma mafi yawan masu sayen tikitin gidan wasa a lokacin farar fata ne. Ina ganin da su yake magana ta bakin yarinyar. Hakan na da amfaninsa a 1989, watanni kaɗan kafin a saki Nelson Mandela a Fabrairun 1990. A yau kuwa, in ɗalibai suka ɗauki wasan za su nuna, ina ba su shawara su ba fitar Thami isasshen lokaci, kada a yi gaggawar kai wa ga jawabin tsauni.

Fugard ya rasu a watan Maris na 2025, wasan kuma ana ci gaba da karanta shi a makarantun Afirka ta Kudu, a azuzuwan da yanzu baƙi da fari ke zaune a benci ɗaya. Ga mai son shirya shi, kayan da ake bukata ba su da yawa: tebur, kujeru, rajista, dutse, tsohon ƙamus, da ƙararrawar hannu. A samo ƙararrawa ta gaske, mai nauyi, irin wadda ake jin ta daga ƙarshen fili. A fitowar farko a kaɗa ta a ga aji ya yi tsit. A ta ƙarshe malamin zai fita da ita, sautinta na nisa yana cakuɗa da ihun taro, kuma sai mai ba da umarni ya yanke shawarar daƙiƙar da za ta tsaya, da tsawon lokacin da zai bar Thami tsaye shi kaɗai a cikin ajin, ƙamus na ajiye a kan tebur.